Sunan da ke Ƙarƙashin Kujera

Zuwa ga aminina Dogo Tela,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara da jikoki. Yaya ƙafar nan taka mai kumburi? Yaya kuma tsohon kekenka, har yanzu yana cin zare kamar akuya ta samu dusa? Allah ya ƙara rufa asiri, amin.

Kafin in faɗa maka abin da ya sa na ɗauki biro na bar waya, bari in tuna maka wanda ke rubuto maka, don kwanan nan na lura mantuwa ta yi wa mutane yawa. Ni ne wanda ya bar makaranta a aji uku na sakandare, ya fara aiki a gindin bango da guduma ɗaya da zarto mai karyayyen hannu. Ko tsinke ban gada ba. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini aikin kushin. Tsohuwar kujera na tsinta a bola, na farke ta na ga yadda aka yi cikinta. Daga gindin bango na koma rumfa, daga rumfa na kama shago, daga shago na gina wurin da yau babbar mota ke juyawa a cikinsa ba tare da ta ja da baya ba. Na gina gida. Na riƙe iyayena har suka koma ga Allah. Na aurar da ƙannena. Na kai 'ya'yana makarantun da ni ko ƙofarsu ban taɓa tsallakawa ba. Masu cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba su ga nawa hannun ba ne. Na san za ka ce kai ka ɗinka mini rigunan kushin na farko. Haka ne, kuma na sallame ka, duk da ɗinkin ya karkace.

To, ga labarin. Daga asibiti nake rubuto maka.

Ka san yadda nake aiki, tunda kai ka laƙaba mini Ci-ƙusa. In damƙi ƙananan ƙusoshi in watsa a baki, harshe ya juyo su ɗaya bayan ɗaya, kai a waje, gudumar nan mai mayen ƙarfe ta ɗauka daga leɓena, bugu ɗaya ta shige katako. Hannun hagu na jan yadi, na dama na bugu, baki na miƙo ƙusa. Shi ya sa da wani miki ya fito mini a gefen harshe ta hagu ban ɗauke shi a bakin komai ba. Na ce ƙusa ce ta karce ni, kamar yadda ta saba. Na kurkure da ruwan gishiri, na shafa zuma, na ci gaba da harkata. Wata ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce, miki na nan, har gefensa ya yi tauri kamar busasshen gam. Autata ce ta lura da ɓangare ɗaya nake tauna. Ka san ta da naci, irin na uwarta. Ita ta jawo ni nan.

Sun yanki ɗan ƙaramin nama sun auna. Ciwon daji ne, Dogo. Na rubuta maka shi ƙarara don kada ka ji a bakin masu ƙara gishiri.

Likitar da ke duba ni yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba, amma ba ta da rawar kai. Ta ce na yi sa'a, abin bai wuce ƙwayar wake ba, kuma bai sauka wuya ba. Ta fi ganin laifin tabar da nake cusawa a kunci a kan ƙusa. Na ce mata tabar ba roƙa nake yi ba. Ta yi dariya, amma ta ce daga yau ni da ita har abada.

Hanya biyu ta shimfiɗa mini. Ko a yanke ɓangaren harshen, ko a yi mini gashi. Da na ji gashi na tambaye ta ko ni naman kasuwa ne. Ta ce wannan ba irin wanda ake haska mutum daga waje ba ne, har hasken ya bi ta fata da ƙashi kafin ya isa wurin. Daga ciki ake yin sa. Za a zura wasu siraran robobi ta ƙarƙashin haɓa su ratsa harshen daidai inda ciwon yake, sannan na'ura ta riƙa tura wani ɗan ƙarfe mai haske a cikinsu, ya ƙone ciwon daga tsakiyarsa, ya bar sauran bakin. Na zaɓi gashi. Mutumin da ya tsufa yana ba da umarni ba zai koma nuni da yatsa ba.

Gobe za a shiga da ni. Bayan nan ba magana sai an cire robobin, don haka Auta za ta riƙa kawo maka takarda.

Makullin wurin aiki na hannun babban ɗana, wanda tun da ya dawo da digiri yaran shago ke kira Manaja. Riƙon ƙwarya na ba shi, ka ji da kyau, riƙon ƙwarya. Ka riƙa bi ta wurin kana leƙa mini. Ka duba mini abu ɗaya musamman. Ka san ba kujerar da ta taɓa fita daga hannuna sai na rubuta sunana a katakon ƙarƙashinta kafin a rufe da baƙin ƙyalle. Na bar masa hatimi na ce a ci gaba da bugawa har in dawo.

Ka gai da mutanen gida. Ban ce ka tara mini jama'a da koke-koke ba.

Naka,
Ci-ƙusa

*

Dogo aminina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ka tashi lafiya, da iyali baki ɗaya. Takardarka ta iso ni. Rubutunka har yanzu kamar kaza ta yi tonon shara, amma na karanta, na kuma gode da addu'a.

Da za ka gan ni yau da ka yi dariyar da za ta tayar maka da tari. Na farka daga allurar barci na tarar da robobi sun fito mini ta ƙarƙashin haɓa suna reto, kowanne an danne shi da ɗan maɓalli a kan harshe. Ni da na yi rayuwata ina dasa wa kujeru maɓalli, yau ga ni an dasa mini. Aikin dai ya yi kyau, ba zan ci amanarsu ba, layin ya miƙe, tazarar daidai. Wani tiyo kuma ya bi ta hanci ya sauka ciki, ta nan ake ɗura mini abinci da sirinji kamar ɗan tsako. Yawu na zuba, ni da tawul kamar jariri. Haƙorana biyu ma sun tafi tun kafin a fara, wai sun ruɓe, za su kawo matsala daga baya.

Safe da yamma ake tura ni ɗakin gashi. Ɗaki ne a can ƙarshen baranda, ba taga, ƙofarsa ta fi katifa kauri. Na'urar ba ta da wani kwarjini, ba ta fi ƙaramin firji mai taya ba. Sai su haɗa robobina da nata, su cusa mini wani abu mai darma a ciki tsakanin harshe da dasashi don ya kare ƙashin muƙamuƙi. Daga nan kowa ya fice. Kowa, Dogo. Ƙofa ta rufe a hankali, a bar ka kai kaɗai da kyamara a saman kai da wata murya a lasifika tana cewa kada ka motsa. Sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, ɗan ƙarfen na tafiya a cikin roba yana tsayawa, yana gaba yana tsayawa. Ba zafi. Da akwai zafi da na fi so, don na san yadda ake cije wa zafi. Abin da ke cin raina shi ne a ce maganin da za a sa maka a baki, masu ba da shi ma sai sun ɓuya a bayan bango. 'Yan mintoci ne, ƙarfen ya koma gidansa, su dawo suna murmushi suna cewa sannu Baba.

Likita ta gaya wa uwar yara cewa da zarar an kashe na'ura ba abin da ya rage a jikina, ko jariri zan iya ɗauka. Duk da haka a bakin ƙofa take tsayawa da mayafi a hanci. Kuma tunda ba na magana ta yanke cewa ba na ji. Ihu take yi mini kamar kurma, sannan ta juya ta tattauna ni da nas a gabana, wai dama mutumin nan bai taɓa jin magana ba.

A gadon da ke kusa da ni akwai wani tsohon direban tanka. Shi nasa a ƙofar hanci ya fito, robobinsa sun ratsa hancin sun fito hagu da dama. Na rubuta masa a takarda cewa ya yi kama da tarwaɗa. Ya karanta ya ce gara tarwaɗa da bunsuru mai gemun roba. Shi yana da baki, ni ina da biro, haka muke wuni muna tsiya. Shi ne kaɗai a ɗakin nan ke jira in gama rubutu kafin ya ba ni amsa.

Sauran ba sa jira. Da safe ɗalibai kan zo garke guda da fararen riguna, a ce in buɗe baki, a haska tocila, a yi ta turanci a kaina. Na ji wani dogo mai tabarau yana tambayar ɗan'uwansa ko ya ga harshen gado na bakwai. Direba kuma shi ne hancin gado na takwas. Ga sunana nan a rubuce a ɗan farin allo a saman kaina, ba mai ɗaga ido ya karanta.

Yanzu maganar da ka rubuto. Ka ce ka bi ta wurin aiki ka tarar an sauke allon sunana daga saman ƙofa, ka tambaya aka ce fenti za a sabunta. Fentin allon nan bai shekara biyu ba, ni na hau tsani na duba shi. Manaja ya zo jiya da 'ya'yan itace, ga mutumin da ko ruwa ba ya haɗiya. Na rubuta masa tambaya a takarda game da allon sunan nawa. Ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya dafa kafaɗata ya ce in huta, kada in sa wa kaina tunani, komai na tafiya daidai. Na ja biro zan sake rubutu, wayarsa ta yi ƙara, ya fita. Da bakina ne, Dogo, da tun daga baranda zai dawo da gudu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ka sake komawa. Kada ka tambayi kowa komai. Ka sa a juya maka kujera ɗaya kamar mai son saye, ka leƙa ƙarƙashinta.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka ce na gode da tawul ɗin da ta aiko, ya yi amfani fiye da yadda take zato.

Naka,
Ci-ƙusa

*

Zuwa ga Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya aiki, yaya yara? Na ji an ce jikarka ta fara tafiya, Allah ya raya. Ka yi haƙuri da ka zo gida aka ce ina barci. Ba barci nake ba. Ban so ka ji yadda nake magana ba ne.

An cire robobin, ban fi mako guda da su ba. Cirewar ba wani abu, kamar zare lawashi daga ƙasa. Ranar da za mu fita, direba aka fara sallama. Bai kai ga ɗaukar jakarsa ba wata nas ta zo da tsumma ta goge sunansa daga allon saman gado, shafa ɗaya. Ya juyo ya gani, ya ce mini to, an kashe shi ke nan a nan, bari ya je ya rayu a wani wuri. Na yi dariya har bakina ya yi jini. Da nawa lokacin ya zo ban juya ba.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe gashin sai an sauke yake nuna. Bayan na dawo gida harshen ya kumbura ya yi fari fat, ya saluɓe kamar na kurɓi tafasasshen mai. Likita ta riga ta gaya mini haka za a yi, kuma zai warke, amma faɗa daban, ji a jiki daban. Ruwa ma da dabara nake sha.

Maganar ta dawo, amma ba tawa ba ce. Ka san sunana da ra a tsakiya, irin wadda sai ƙarshen harshe ya kaɗa. Na je karɓar magani, matar da ke bayan gilashi ta tambayi sunana. Na faɗa, ra ɗin ta fito kamar la. Ta ce me? Na sake. Ta sake cewa me? Mutanen layi suka fara leƙo ni. Daga ƙarshe ta ce in bar shi kawai, in miƙo kati ta duba lamba. Ni da nake kiran yaro daga wannan ƙarshen wurin aiki ya amsa daga wancan ƙarshen alhali injin yankan katako na kuka.

Ka rubuto cewa ka juya kujerar ba ka ga komai ba sai wata 'yar takarda mai sheƙi. Ban ƙaryata ka ba, amma na so idona ya gani. Da na ɗan ji ƙarfi na hau tasi ban gaya wa kowa ba.

Har mai tasin ya wuce wurin aikin ban gane ba. Allon da aka ce ana yi wa fenti yana bayan gida, an jingina shi da bango fuskarsa a ciki, an ɗora masa buhunan tarkacen soso. A gurbinsa an kafa wani mai fitila, da wata kalmar turanci da ba sunan kowa ba ce, ba ta uba ba ta kaka. A ciki kuma ba ƙarar guduma ko ɗaya. Ya sayo musu bindigar ƙusa mai aiki da iska, tas tas tas, kamar ana fasa ƙwai. Yaran da na koya wa aiki suka taso suka durƙusa, ba zan yi musu ƙarya ba, har ɗaya ya yi hawaye. Na tambaye su hatimina. Suka kalli juna. Na maimaita. Babbansu ya ce na'am Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ba su gane abin da na ce ba, kunya ta hana su tambaya.

Manaja ya fito daga ofis, ofishina, da wata mata mai sayen kujerun otal. Ta tambaye shi wane ne wannan. Ya ce mahaifinsa ne, ba shi da lafiya. Iyakarta ke nan. Bai ce shi ya gina inda kike tsaye ba. Matar ta ce mini sannu da murya irin wadda ake yi wa yara, ta ce in gode wa Allah da ya ba ni ɗa mai ƙoƙari.

Da ta tafi ya zaunar da ni ya kawo ruwa, ya yi ta bayani. Wai manyan masu saye ba sa son sunan mutum ɗaya, sun fi yarda da sunan kamfani, don mutum yana iya... sai ya haɗiye sauran maganar. Na ƙarasa masa a zuciyata. Wai tun ina asibiti aikin ya ƙaru, wai don mu duka yake yi, wai ba wanda zai manta da ni. Na buɗe baki in wanke shi tas, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Ya ce in bari sai na warke mu yi magana. Ya sa direbansa ya mai da ni gida kamar kaya.

Uwar yara ta ce ai harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na rubuta mata cewa ni haƙorin da ya dame ni cire shi aka yi. Ba ta yi dariya ba.

Kada ka je ka yi wa Manaja faɗa. Ba aikinka ba ne, kuma ban taɓa aiken wani ya yi mini yaƙi ba. Bakin nan zai warke.

Ka huta lafiya.

Naka,
Ci-ƙusa

*

Aminina Dogo,

Bayan sallama da gaisuwa irin ta tsofaffin abokai, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Za ka ce me ya sa nake rubutu alhali ranar da ka zo mun yi hira har ka ce bakina ya dawo da tsiyarsa. To, akwai maganar da in an faɗe ta iska ke kwashewa. Wannan so nake ta zauna.

Jiya na koma asibiti. Likita ta sa safar hannu ta lalube harshen gaba da baya, ta taɓa wuya, ta duba hoton da aka ɗauka, ta ce ba ta ga komai ba. Wurin ya rufe, sai ɗan farin tabo. Ta ce ba a cika baki da ciwon nan, zan riƙa zuwa ana dubawa shekara da shekaru, amma ita dai ta ji daɗi. Ta sa na faɗi sunana. Na faɗa, ra ta kaɗa kamar ganga. Har tafi ta yi.

Sai ta juyo mini da allon kwamfutarta. Ga harshena ranar da na zo, ga shi da robobi, ga shi yau. Ta ce aikin ya yi kyau ƙwarai, tana so ta nuna hotunan a taron likitoci, a kuma sa su a littafin koyar da ɗalibai, don a san ba kowane irin wannan ciwo ne sai an yanka ba. Wallahi Dogo raina ya yi fari. Na gyara zama. Na ce a raina, ashe dai akwai inda za a tuna da ni. Sai ta ƙara da cewa in kwantar da hankalina, ba za a sa sunana ba, ko fuskata ta fito za a rufe idanun da baƙin layi, ba wanda zai taɓa sanin ni ne. Tana faɗa tana murmushi, ita a ganinta kyauta ta ba ni.

Na tambaye ta sunan wa za a sa. Ta ce nata da na abokan aikinta. Na ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wa aka huda wa haɓa? Wa aka rufe shi kaɗai a ɗaki kowa ya gudu? Wa ya yi makonni yana haɗiyar wuta? Ta ce doka ce, don kare mutuncin mara lafiya aka yi ta, mutane da yawa ba sa so a san sun yi wannan ciwo. Na ce ni ban yi sata ba, ciwo na yi, kuma mutuncina a sunana yake. Yarinyar kirki ce, ban ɗaga mata murya ba. Ta ce ba a taɓa roƙonta haka ba, za ta tambayi manyanta. Na ce ta tambaya, harshen dai nawa ne, in babu suna babu hoto.

Daga can ban nufi gida ba, wurin aiki na wuce. Abin da zan faɗa maka yanzu ko Auta ba ta sani ba, kuma in ya fita na san ta inda ya fita.

Na shiga lokacin cin abinci, ba kowa a ɓangaren kushin. Na tarar da tsohuwar gudumata a cikin kwandon tarkace. Na ɗauko wata kujera da ba a rufe ba, na kifa ta. Niyyata in gama ta da hannuna, in rubuta sunana a ƙarƙashi, in kira Manaja da bakina da ya warke in nuna masa mai wurin ya dawo. Likita ta hana ni sa ƙusa a baki, ta ce naman da aka gasa in ya ji rauni ba ya saurin haɗewa. Na sani. Na damƙi ƙusoshi na watsa.

Dogo, harshen bai juya su ba. Gefen hagun ya yi tauri, ba ya jin kai ba ya jin tsini. Ƙusoshin suka taru a kuncina kamar tsakuwa. Na kawo guduma leɓe, ba abin da ya fito. Na sake, ɗaya ta fito a juye, tsini a waje. Na tsaya da yadi a hannun hagu, guduma a dama, bakina cike da ƙarfe, kamar wanda bai taɓa shiga shago ba. Na tofar da su a tafin hannu. Na duba, ba jini, Allah ya rufa asiri. Na mai da gudumar inda na same ta.

Sun ceci harshen da ke magana. Wanda ke aiki ya tafi, ba wanda ya san an yi jana'izarsa sai ni. Ban ga laifin likita ba, ita ciwo aka kawo mata, ba sana'a ba.

Don haka ga abin da na yanke. Ba zan karɓi makulli ba. Manaja ya riƙe, da bindigoginsa da fitilarsa da matan otal ɗinsa. Na gaya masa haka da bakina a gaban uwarsa, ya yi ta rantsuwa wai ba haka yake nufi ba, amma na ga yadda kafaɗunsa suka sauka. Na ce sharaɗi ɗaya ne, a mayar da sunana. Ya ce zai duba yadda za a yi, zai yi shawara da mai zanen tambarinsu. Kowa sai ya tambayi wani kafin a rubuta sunan mutumin da bai taɓa tambayar kowa komai ba.

A nan ne ka shigo. Ba taimako nake nema ba, shaida nake kira, kada ka ruɗe. Kujerar nan da kake zama a kai a bakin kekenka, wadda ka ce ta fi aurenka daɗewa, ita ce ta farko da na yi a gindin bango. Ka kifa ta, ka farke baƙin ƙyallen da almakashinka. Za ka ga sunana da fensirin kafinta, da rubutun ɗan aji uku. Ka sa a ɗauko maka ita ranar da ma'aikata suka cika, ka ajiye a tsakiyar wurin ƙafafu a sama, ka zauna kusa da ita. Ba sai ka ce komai ba. Ni zan yi maganar, yanzu ina da bakin yin ta.

Kai kaɗai na yarda ka kira ni Ci-ƙusa, ko da yake yanzu sunan ya fi ƙarfina. Sauran duniya ban yafe ba. Ba Baba ba, ba mahaifin Manaja ba, ba harshen gado na bakwai ba. A saman ƙofar nan, da ƙarƙashin kowace kujera da za ta fita daga cikinta, da ƙasan hoton da za a haska wa likitoci, a rubuta sunana, nawa da na ubana, da manyan baƙaƙe, kuma da fentin da tsumma ba ya gogewa.

Ka gai da gida. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Ci-ƙusa